Mai Tara Ma'aunai, Wa Zai Auna Zuciyarsa?

 

Ya ku ƴan'uwa, a Amurka da ƙasashen Turai akwai mutanen da sha'awarsu ita ce sayen na'urorin auna lantarki da tara su. Daga ciki akwai mitar da ke auna ƙarfin wuta, da osiloskof mai zana tafiyar lantarki a fuskar gilashi. Manyan kamfanonin wannan fanni sanannu ne: Hewlett-Packard da aka kafa a 1939, Tektronix a 1946, Fluke a 1948. Idan masana'antu da rundunonin soja suka sabunta kayansu, tsofaffin sukan faɗo kasuwa da araha. Tun daga 1952 masu sha'awar rediyo suke taron cinikin irin waɗannan kaya a yankin Dayton na jihar Ohayo, kuma buɗe kasuwar eBay a 1995 ya kai cinikin har cikin ɗakin kwana. Sai ka iske mutum da osiloskof goma, alhali aikinsa ɗaya yake buƙata. Tambayarmu ita ce: yaushe sha'awa ta halal take komawa ciwo?

Mu fara da adalci. Ita na'ura ba ta da laifi. Ilimin awo ilimi ne mai daraja, kuma malaman Musulunci sun ƙera usturlabi don sanin lokutan salla da alƙibla. Wanda ya tsamo tsohuwar na'ura daga juji, ya gyara ta, ya koya wa yara aiki da ita, ya yi abin yabo.

Ɓarnar tana shigowa ta wata ƙofa mai kama da hankali. Kowace mita tana karkacewa da tsufa, shi ya sa ake kai ta a daidaita ta, galibi sau ɗaya a shekara. Mai sha'awa sai ya ce bari ya sayi ta biyu don ya gwada ta farko. Idan suka saɓa, sai ya nemi ta uku da ta fi su ƙwarewa, ita ma tana buƙatar mai duba ta. Kowane saye yana haifar da hujjar na gaba. Sannan na'urar da aka ajiye ba ta zama lafiya: kondansa tana bushewa, batir yana zubewa ya ci ƙarfe. Sai a sayi wata don ciro kayan gyara. Da haka ɗaki yake cika, aikin da aka yi niyya tun farko kuwa ba a taɓa shi ba. Daɗin ya koma ga farautar kayan da jiran isowarsu. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Imamu Shaɗibi, wanda ya rasu a 790 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Muwafaƙat cewa maslahar ɗan Adam hawa uku ce: larura, buƙata, da ƙawa. Mita ɗaya a hannun mai gyaran rediyo ko salula a kasuwar Maraɗi buƙata ce, da ita yake ciyar da gidansa. Ta goma a kan kanta ƙawa ce. Ƙawa halal ce matuƙar ba ta hau kan na gaba da ita ba. Ranar da kuɗinta ya fito daga cefanen gida, ko maganin mahaifiya, ko bashin da lokacinsa ya yi, ta zama almubazzaranci, domin ciyar da iyali wajibi ne, jinkirta bashi ga mai hali kuma zalunci ne.

Akwai wani abin lura. A fiƙihu, kayan da mutum ya ajiye don kansa, ba don kasuwanci ba, babu zakka a kansu. Ke nan kuɗin da da sun shekara a hannu talaka zai sami rabonsa, sun koma ƙarfen da babu mai amfana da shi. Hukunci bai kama mai shi ba, amma mai tsoron Allah ya kamata wannan ya dame shi.

Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun sanya tara kaya har a kasa rabuwa da su cikin jerin cututtuka a 2013. Wanda abin ya kai shi nan, magani da tausayi yake buƙata, kada a yi masa gori.

Sauran kuwa, kowa ya auna kansa da tambayoyi uku. Shin ina ɓoye wa iyalina farashin abin da na saya? Shin na yi aiki da shi a wannan shekara? Shin zan iya ara wa mai koyon sana'a ba tare da ƙuncin rai ba? Wanda ya faɗi a ukun nan, kayan ne suka mallake shi. Maganinsa ya dakata da saye, ya biya haƙƙoƙi, ya sayar da rarar ko ya yi waƙafinta ga makarantar sana'a. Ma'aunin nan yana hawa kan mai tara salula, da tufafi, da littattafan da ba ya buɗewa.

Allah Ya azurta mu da wadar zuci, Ya nauyaya mizaninmu ranar awo.