Kofin da aka ba na uku

Idan aka kama ɓarawo da saniya, ba a daɗe ana shawara, a mayar wa mai ita. To idan abin da aka sace ɗin ba a san mai shi ba fa? Wannan tambaya ce ke dawo mini duk lokacin da aka tayar da zancen gasar Italiya ta kakar 2005 zuwa 2006.

Ga yadda abin ya faru, don wanda bai riski lokacin ba. Juventus ta gama kakar da maki 91, AC Milan na bin ta da 88, Inter Milan kuma ta zo ta uku da 76. Ana cikin shirin biki sai jaridu suka fara buga hirarrakin waya da masu bincike suka naɗa, inda aka ji babban daraktan Juventus, Luciano Moggi, yana magana da mutanen da ke raba alƙalan wasa, wato Paolo Bergamo da Pierluigi Pairetto, a kan wanda za a tura ya busa wasa kaza. A watan Yuli na 2006 aka yanke hukunci. Aka ƙwace wa Juventus kofuna biyu, na 2005 da na 2006, aka jefa ta rukuni na biyu. Milan ma an same ta da hannu, aka zabtare mata maki 30. Da aka sake lissafi sai ga Inter a sama, aka miƙa mata kofin 2006. Na 2005 kuwa ba a ba kowa ba, har yau gurbinsa babu suna.

Hukuma ɗaya, laifi ɗaya, amma amsa biyu. Ni dai ina ganin gurbin nan da aka bari fayau ya fi gaskiya.

Dalilina shi ne, kofi ba saniya ba ne. Saniya tana da mai ita tun kafin a sace ta. Kofi kuwa ba ya da mai shi sai an buga wasanni 38 cikin adalci an ga wanda ya fi. Idan aka ce an murɗe zaɓen alƙalai, abin da aka lalata shi ne awon kansa. Ɗan kasuwar da aka kama da tiyar algus, ai ba za a ɗauki tiyar nan a ci gaba da auna wa sauran mutane hatsi da ita ba. Amma haka aka yi: da teburin da ake zargi aka duba aka ce ga na uku, a ba shi. Wa ya san wanda zai yi na ɗaya da an buga lafiya lau? Wataƙila Inter ce, wataƙila Juventus ɗin ce dai, domin ƙungiyar Fabio Capello ba ta wasa ba ce. A wasan ƙarshe na kofin duniya da aka buga a Berlin ranar 9 ga Yuli na shekarar, ƴan wasan Juventus takwas ne suka taka fili, biyar a ɓangaren Italiya, uku a na Faransa. Ƙari a kan haka, wayoyin da aka naɗa na kakar 2004 zuwa 2005 ne, ba na wadda aka ba Inter kofinta ba.

Na san abin da masoyan Inter za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za su ce idan mai gaskiya bai samu komai ba, me zai hana kowa ya yi ha'inci? Shekaru suna zuba kuɗi suna shan kashi, ashe wasu na shirya abinsu ta waya. Shi ya sa suka kira shi kofin masu gaskiya, abokan hamayya kuma suka ce kofin kwali. Sai dai rashin laifi daban, cin nasara daban. Wanda bai yi satar amsa ba ya cancanci a yaba masa, a sake masa jarrabawa mai tsabta, amma tsabtar hannunsa ba ta cike tazarar maki 15.

Kuma lada irin wannan tana da haɗari, domin tana tsaye ne a kan ƙafa ɗaya, wato cewa wanda aka ba ba ya da tabo. A 2011 mai gabatar da ƙara na hukumar ƙwallon Italiya, Stefano Palazzi, ya fitar da rahoto cewa shugaban Inter na lokacin, Giacinto Facchetti, shi ma ya yi ta waya da masu raba alƙalai. Facchetti ya rasu tun 2006, ba ya nan ya kare kansa, kuma wa'adin shigar da ƙara ya wuce, don haka ba a yi shari'a ba, kofi ya zauna inda yake. Ban ce ya yi laifi ba. Na ce da an bar gurbin babu suna, da rahoton bai girgiza komai ba.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne ƴan wasan. Ba Del Piero ne ya ɗaga waya ba, ba Buffon ba ne, ba Nedved ba ne, amma su ne suka sauka rukuni na biyu suka yi shekara suna zagaya ƙananan filaye, har suka dawo da ƙungiyar sama a 2007. Ibrahimovic da Vieira kuwa suka tattara nasu ya nasu suka koma Inter, wadda aka ba kofin da suka zubar wa gumi a cikin rigar Juventus. A kakar da ta biyo baya suka ci mata wani a fili, da maki 97, Juventus ba ta cikin gasar.