Godiya Bayan Miya Ta Ƙare

In kaka ta yi, aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, rumbu ya cika maƙil, ba sai an koya wa manomi godiya ba, bakinsa da kansa ya ke furta ta. A lokacin nan ne Kiristoci na arewacin Nijeriya su kan keɓe wata ranar Lahadi, kowa ya ɗauko abin da gonarsa ta ba shi, wani damin dawa, wani kwandon doya, wani zakara, su kai majami'a, su yi waƙa, su gode wa Allah. Wannan abu ne mai kyau, ba mai musu. Ai masu iya magana sun ce yaba kyauta tukuici.

Amma fa akwai tambaya a nan. Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai yi bununi ba, ko fara ta sauka ta cinye gona ƙarƙaf, ga ciwo a gida, ga sabon kabari a bayan gari, a wannan shekara da me mutum zai gode? In ya ce ya gode, gaskiya ya faɗa, ko kuwa sabon baki ne kurum? In dai godiya bisa rumbu ta ke zaune, to, ran da rumbu ya faɗi tare za su faɗi.

Kiristoci sun ce akwai wata godiya wadda ba bisa rumbu ta ke ba, bisa baiwar Allah ta ke, irin baiwar da ba ta ƙarewa. Faɗar haka ba wuya ga wanda ya ƙoshi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Saboda haka ya kamata a nemo mutumin da miyarsa ta ƙare ƙaf, a ga yadda ya yi.

An haifi Martin Rinkart a shekarar 1586 a Eilenburg, wani gari mai ganuwa a ƙasar Jamus, kusa da birnin Leipzig. Ubansa mai sana'ar haɗa gangunan katako ne. Yaron ya yi karatu a Leipzig, ya gwanance ga waƙa, a 1617 kuwa aka naɗa shi fasto a garinsu, cikin ɗarikar da ke bin koyarwar Martin Luther. Shekara na kewayowa sai yaƙi ya tashi, wanda a ke kira Yaƙin Shekara Talatin, gama daga 1618 aka yi ta yinsa har 1648. Asalinsa gardamar addini ce tsakanin Katolika da Furotesta, daga baya ya rikiɗa ya zama kokawar mulki tsakanin sarakunan Turai. Sau da yawa ba a biyan mayaƙa, sai su ci da ƙarfi daga talakawa, su kwashe hatsi, su kora dabbobi, su cinna wa ƙauye wuta. A waɗansu yankunan Jamus fiye da rabin jama'a suka halaka, yawancinsu kuwa yunwa da cuta ne suka kashe su.

Tun da ya ke Eilenburg na da ganuwa, sai mutanen ƙauyuka suka yi ta gudowa ciki, har gari ya cika ya cushe. Inda aka cushe haka da yunwa da ƙazanta, ai cuta ba ta da nisa. A 1637 annoba ta faɗa wa garin. Daga cikin abokan aikin Rinkart ɗaya ya fita bai komo ba, biyu suka mutu, shi ya yi musu jana'iza, ya rage shi kaɗai. Akwai ranakun da ya kan yi addu'a bisa gawa 40, wani lokaci har 50. Kafin shekara ta fita ya yi jana'izar mutum fiye da 4,000, a cikinsu har da matarsa, wadda ta rasu a watan Mayu. Daga ƙarshe abin ya fi ƙarfin masu haƙa kabari, sai aka riƙa zuba gawawwaki cikin manyan ramuka.

Annoba na lafawa sai yunwa ta biyo baya. Mabukata suka yi dafifi a ƙofar gidansa, ya yi ta rabon abin da ya ke da shi har ciyad da 'ya'yansa ya zama masa da ƙyar, ya ci bashi bisa albashin da bai karɓa ba tukuna. Ana cikin haka, a 1639, sai ga rundunar Suwidin, waɗanda ɗarikarsu ɗaya da shi, suka aza wa garin tarar kuɗin azurfa 30,000, irin kuɗin da a ke kira taler, wanda daga sunansa aka samo kalmar dala. Rinkart ya tafi wurin shugaban mayaƙan ya roƙi sassauci, aka ƙi. Sai ya tara jama'arsa suka duƙufa ga addu'a da waƙa. Daga baya aka rage tarar ƙwarai da gaske.

To, wannan mutum, a cikin shekarun yaƙin nan, shi ne ya tsara wata gajeriyar waƙar godiya mai baiti uku. Addu'ar cin abinci ya nufe ta da zama, watau abin da iyali za su rera in an ajiye akushi. A 1647 wani gwanin kiɗa na Berlin, Johann Crüger, ya buga ta da karin da a ke rera ta da shi. A 1858 wata Baturiyar Ingila, Catherine Winkworth, ta juya ta da Turanci. Har wa yau tana cikin waƙoƙin godiya da suka fi shahara ga Kiristocin duniya.

Me ya rage wa mutum irin wannan da zai gode dominsa? Amsar Kiristoci ita ce, baiwar Allah iri biyu ce. Akwai mai wucewa, kamar hatsi, da dabbobi, da lafiyar jiki, da zaman lafiyar gari, har da iyali. Duk waɗannan alheri ne na gaske, amma riƙo aka ba mutum, ba mallaka ba. Fari na iya ɗauke su, ko ɓarawo, ko mutuwa. Akwai kuma mai dawwama. A bangaskiyarsu, Allah ya gafarta zunubin mai tuba ta wurin mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa, ya karɓe shi kamar yadda uba ke karɓar ɗa, ya ba shi Ruhu Mai Tsarki ya zauna tare da shi, ya kuma yi masa alkawarin rai madawwami. Sun ce waɗannan abubuwa ba da guminsa mutum ya same su ba, balle ya ce gazawarsa za ta ɓatad da su. Ba kuma cikin ɗaki ya ajiye su ba, balle mayaƙi ya fasa ƙofa ya kwashe.

Ga misali. In ɓarawo ya shiga maƙera da dare, ya ɗauke uwar maƙera da masaba da zugazugi, da safe maƙeri zai yi baƙin ciki, amma ba zai ce ya daina zama maƙeri ba, gama sana'ar na cikin kansa da hannunsa, ɓarawo bai kai nan ba. Duk da haka ita ma sana'ar tana da ranarta: tsufa ya zo, ido ya dushe, hannu ya kama rawa, shi ke nan. Abin da Kirista ke nufi da baiwa mai dawwama ya zarce wannan da mataki guda, domin a ganinsa ko kabari bai isa ya raba shi da ita ba.

Akwai labari cikin Linjilar Luka wanda ya bayyana bambancin nan. Kutare goma suka tsaya daga nesa suka roƙi Yesu ya ji tausayinsu. Ya ce su tafi su nuna kansu ga firistoci, suna cikin tafiya sai suka warke. Tara suka yi gaba abinsu. Guda ɗaya, Basamariye, baƙo a cikinsu, ya juyo ya faɗi gaban Yesu yana godiya. Yesu ya tambayi inda sauran taran su ke, sa'an nan ya sallami mutumin, ya shaida masa bangaskiyarsa ce ta cece shi. Duka goman sun sami sabuwar fata, fatar kuwa ta tsufa ta koma ƙasa kamar ta kowa. Taran kyauta suka gani suka riƙe. Ɗayan ya bi sawun kyauta har ya iske mai bayarwa. A wurin Kirista wannan ita ce ribar godiya: ta kan ɗauke ido daga abin da ke hannu, ta mai da shi ga wanda ya miƙo.

Wani zai ce, "Haba! Mutum ya binne matarsa, sa'an nan a ce yana godiya? Ko dai zuciyarsa dutse ce, ko kuwa yaudarar kansa ya ke yi." Wannan magana tana da nauyi, ba a ture ta da hannu ɗaya. Amma Kiristoci sun bambanta gode wa Allah saboda masifa da gode masa a cikin masifa. Ba wanda ya ce annoba abin murna ce. Linjila ta nuna Yesu kansa ya yi hawaye sa'ad da abokinsa Li'azaru ya mutu. Waƙar Rinkart ma, bayan godiya, roƙo ta ke yi Allah ya ba da salama, ya fid da mutane daga wahala. Wanda bai ji zafi ba, ai ba ya roƙon a fid da shi. Haka kuma Manzo Bulus da Sila, da aka yi musu dūka a birnin Filibi, aka jefa su can cikin kurkuku, aka sa ƙafafunsu a turu, da tsakad dare aka ji suna addu'a suna yabon Allah. Bayansu bai daina zogi ba, turu bai saki ba tukuna. Abin da su ke yabo dominsa ne ba ya cikin abin da mai bulala ke iya taɓawa.

Wani kuma zai ce, "Irin wannan koyarwa ai ita ke kwantad da talaka, ya naɗe hannu, azzalumi ya yi ta cinsa, shi kuwa yana cewa ya gode." Gaskiya ne an sha yin amfani da addini haka, kuma duk godiyar da ta haifi ragwanci ko tsoron faɗar gaskiya jabu ce. Amma a dubi Rinkart. Da tara ta zo bai ce wa mutanensa su biya su yi shiru ba, tashi ya yi ya fuskanci mai takobi. Da yunwa ta zo bai ce wa mabukata su ƙoshi da alkawarin lahira ba, abincin gidansa ya ɗebo. Da annoba ta zo bai bi wanda ya gudu ba. Dalilin a fili ya ke. Wanda ya ɗauka dukan arzikinsa na cikin rumbu, dole ya kwana a bakin rumbu da sanda. Wanda kuwa ya tabbata babban rabonsa na inda ba a sata, hannunsa ya kan saku, tsoronsa ya kan ragu. Da wannan a ke gane godiya ta gari: a dubi abin da ta sa mai ita ya yi wa maƙwabcinsa.

Kada kuma a zaci mai irin wannan godiya ya kan rena abin duniya. A tuna, waƙar nan don bakin akushi aka tsara ta. Mutumin da ya san tuwon yau ba hakkinsa ba ne, kyauta ce, shi ya fi jin daɗinsa. Butulu kuwa ko an cika masa rumbu goma, idonsa na kan na sha ɗaya da ke gidan wani. Watau godiya domin baiwa mai dawwama ba ta kore godiyar kaka ba, gindi ta ke yi mata, don kada iskar shekara guda ta tumɓuke ta.

A 1648 aka ƙulla sulhu, yaƙi ya ƙare. Rinkart bai daɗe yana cin moriyarsa ba, ya rasu ran 8 ga Disamba, 1649, yana da shekara 63. Kusan dukan aikinsa a Eilenburg cikin yaƙi ya yi shi. Ko mahukuntan garin da ya yi wa wannan ɗawainiya ba su saka masa da abin kirki ba, sun dame shi da rigingimu a ƙarshen kwanakinsa. Da godiyar mutane ya ke jira, da ya mutu da ɓacin rai.

Saboda haka in kaka ta kewayo, Kirista ya ɗauki daminsa zai kai majami'a, akwai tambayar da ta kamata ya yi wa kansa tun yana hanya: da bana gonar ba ta yi ba, da zai zo? In ya ga da ba zai zo ba, to, bai yi laifi da ya kawo dami ba, sai dai ya sani godiyarsa tana tsaye ne da ƙafar dawa. In kuwa ya ga da zai zo ko hannu wofi, ya zauna kusa da wanda ya fi shi rashi, su rera waƙa tare, to, ya fahimci abin da faston Eilenburg ya sani sa'ad da ya ke komowa daga maƙabarta, ya tara sauran iyalinsa, su yi addu'a bisa ɗan abin da ke cikin akushi.