WA ZAI FID DA KAI DAGA RIJIYA?

Ko kai manomi ne a ƙasar Ajekoriya, ko makiyayi mai kai da kawowa tsakanin Tarka da Gulbin Kaba, ko ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin Dakoro da Maraɗi, ina roƙonka ka sami inuwa ka karanta wannan 'yar takarda har ƙarshe. In akwai wanda bai iya karatu ba kusa da kai, ka karanta masa da ƙarfi, gama maganar da ke ciki ta shafi ran kowane ɗan Adam.

TAMBAYAR DATTIJO

Sau da yawa, in an yi wa'azin bishara, sai wani dattijo ya ce, "Malam, maganarka da daɗi. Amma Allah ɗaya ne, hanyoyin zuwa gare shi ne da yawa. Ranar kasuwa wani ya kan fito daga Kornaka, wani daga Birnin Lalle, wani daga Ɗan Gulbi, duk kuwa a kasuwa ɗaya za su haɗu. Kowa ya riƙe abin da ya gada, Allah zai karɓe mu duka."

Watakila kai ma haka ka ke tunani. Magana ce ta mai son zaman lafiya, ba mu rena ta ba. Da a ce mu matafiya ne masu ƙoshin lafiya, kowa da guzurinsa a kan tudu, da maganar dattijo ta yi daidai. Sai mu fara tambaya tukuna: a ina mu ke tsaye a gaban Allah?

A ƘASAN RIJIYA MU KE

Ka san rijiyoyin ƙasar Dakoro. Akwai waɗanda zurfinsu ya wuce gaba 30. Sai an ɗaura igiya ga sa, ko raƙumi, ko jakai, yaro ya kora su can nesa, kafin wasaki ya iso baki. In ka leƙa, duhu kaɗai za ka gani.

To, a ce mutum ya zame da asuba ya faɗa cikin irin wannan rijiya. Allah ya sa da sauran numfashinsa, amma ƙafa ta karye, hannu ya karye. Wace amfani zai samu in ka gaya masa hanyoyin kasuwa suna da yawa? Bukatarsa ɗaya ce, wato a fid da shi.

Littafi Mai Tsarki ya koya mana cewa haka zunubi ya yi da mu. Kakanmu Adamu umarni ɗaya tak ya karya, aka kore shi daga gonar Aidan (Farawa 3). Tun daga ranan nan ba a haifi ɗan mutum wanda ya tsira daga wannan faɗuwa ba (Romawa 3:23), ladan da zunubi ke biyan mai shi kuwa mutuwa ce, wato rabuwa da Allah har abada (Romawa 6:23).

Kada ka yi saurin cewa, "Ni ban kashe kowa ba." Tambayi zuciyarka a ɓoye. Ba ka taɓa sayar da hatsi da ƙaramar tiya, ka saya da babba ba? Ba ka taɓa matsa iyakar gona taki ɗaya cikin ta maƙwabcinka ba? Ba ka taɓa barin dabbobi su shiga gonar wani da dare ba? Ba ka taɓa duban rumbun ɗan'uwanka da hassada, ko matar wani da sha'awa ba? Mutane ba su gani ba, amma Allah ya gani. Igiya mai gaba 30, in ta tsinke a wuri ɗaya, guga ya tafi, ko da ya ke sauran igiyar lafiya lau ta ke. Haka shari'ar Allah ta ke (Yakubu 2:10).

ƘOƘARIN MUTUM

Kowa ya san a ransa akwai abin da ya raba shi da Mahaliccinsa, shi ya sa kowace al'umma ta ke neman dabarar fita. Wani ya dogara ga sadaka da azumi da yawan addu'a. Wani ya yanka akuya ko zakara domin iskoki, ya ɗaura laya a damtse. Wani kuma ya dogara ga zuwa sujada ran Lahadi da ba da baiko. Tausayin matalauci da kamun kai abubuwa ne masu kyau, Allah yana so mu yi su. Amma in ana binka dami goma na bara, ba za ka biya da cewa, "Bana ba zan ƙara cin bashi ba." Alherin da za ka yi gobe, dama wajibinka ne na gobe. Da me za ka biya laifin jiya?

Wani ya ce, "Allah mai jinƙai ne, zai yafe." Hakika mai jinƙai ne, shi kuma mai adalci ne. Alƙalin da ya saki ɓarawon shanunka domin ɓarawon ya iya gaisuwa, za ka kira shi alƙalin kirki? Allah ba ya share laifi kamar ba a yi ba. Dole a biya.

Wani kuma ya ce, "Malamina zai tsaya mini," ko "Kakannina za su roƙa mini." Dattawa ba su manta da farin 1973 da 1974 ba, da yunwar 1984 wadda a ke kira El-Buhari. A shekarun nan wanda rumbunsa ya ƙare bai iya ciyar da maƙwabcinsa ba, kome ƙaunar da ya ke masa, sai da abinci ya zo daga wani wuri. Haka nan mai zunubi ba ya iya fansar mai zunubi (Zabura 49:7). Mutum biyu a ƙasan rijiya, wa zai fid da wani?

MASU KIRA DAGA BAKIN RIJIYA

Allah cikin alherinsa ya aiko annabawa, ya ba da Attaura ta hannun Musa. Shari'a tana kama da fitilar da a ke zura wa cikin rijiya. Tana nuna wa mutum zurfin wurin da ya faɗa da munin rauninsa, amma fitila ba ta ɗaga kowa (Romawa 3:20). Annabawan nan da kansu sun nemi gafara. Dawuda sarki ya yi kuka saboda zunubinsa, kukansa yana rubuce a Zabura 51. Ishaya kuwa, wajen shekara 700 kafin haihuwar Almasihu, ya yi annabcin wani Bawan Allah wanda za a yi masa rauni saboda laifofin waɗansu (Ishaya 53).

Ko an jefa wa mai karyayyen hannu igiya, ba zai iya kama ta ba. Masu ginar rijiya sun san abin da a ke yi. Sai wani lafiyayye ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya sa ransa a haɗari, ya sauka cikin duhu, ya rungumi wanda ya faɗa, a jawo su tare. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike.

WANDA YA SAUKO

Mai fid da mu, dole ya zama daga sama ya fito, dole kuma ya zama marar zunubi. Ka bincika tarihin duniya duka, mutum ɗaya kaɗai za ka samu haka, shi ne Yesu Almasihu, wanda a ke kira Isa. In kai Musulmi ne, ka riga ka ji cewa budurwa Maryamu ce ta haife shi. Linjila ta bayyana dalili: shi Kalman Allah ne tun fil'azal, ya ɗauki jiki ya zauna a cikinmu (Yahaya 1:1-14). Ya tsaya a gaban maƙiyansa ya ce su nuna laifinsa ko ɗaya, ba wanda ya iya (Yahaya 8:46).

Ka tuna da Ibrahim. Da ya ɗaga wuƙa a kan ɗansa, Allah da kansa ya tanada rago ya mutu a madadin yaron (Farawa 22). Ragon nan alama ce. Jinin dabba ba ya iya wanke lamirin mutum, in da yana iyawa, da ba a maimaita yanka kowace shekara ba (Ibraniyawa 10:1-4). Da Yahaya Maibaftisma ya ga Yesu, sai ya nuna shi ga jama'a a kan shi ne Ragon da Allah ya tanada domin zunubin duniya duka (Yahaya 1:29).

An gicciye Yesu a Urushalima a zamanin Bilatus, wanda ya yi mulkin Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36. Waɗansu suna cewa bai mutu ba. Amma uwa tasa tana tsaye kusa da gicciyen, uwa kuwa ba ta ɓata ɗanta. Har wani marubucin Romawa mai suna Tasitus, wanda ba ya ƙaunar Kirista ko kaɗan, ya rubuta cewa an kashe Almasihu a hannun Bilatus. A rana ta uku Allah ya tashe shi daga matattu. Mutum fiye da 500 suka gan shi a lokaci ɗaya (1 Korantiyawa 15:6). Almajiransa da suka gudu saboda tsoro, su ne suka koma suna shelar tashinsa, aka yi musu bulala, aka kashe waɗansunsu, ba su janye maganarsu ba.

A kan gicciyen nan adalcin Allah da jinƙansa suka sadu. An biya bashin, an kuma saki mai laifi. Saboda haka Yesu ya faɗa wa almajiransa a fili cewa shi kansa ne hanyar, duk mai son isa wurin Allah Uba sai ta kansa (Yahaya 14:6). Bitrus ma ya tsaya a gaban majalisar da ta hukunta Yesu, ya shaida cewa Allah bai ba 'yan Adam wani suna dabam da zai cece su ba (Ayyukan Manzanni 4:12). Hanyar ceto ɗaya ce, domin wanda ya sauko ɗaya ne.

TAMBAYOYI UKU

"Ashe, wannan ba girmankai ba ne?" Wanda aka jawo daga rijiya ba shi da abin taƙama. Ba mu ce mun fi ka kirki ba. Akwai Musulmi da masu bin al'adar gargajiya da suka fi Kirista da yawa karimci da riƙon amana. Muna gaya maka wanda ya fid da mu ne kawai.

"Ashe, ba addinin Turawa ba ne?" A Baitalami aka haifi Yesu, bai taɓa taka ƙasar Faransa ko Ingila ba. Wanda ya ɗaukar masa gicciye mutumin Kurane ne, a ƙasar Libiya ta yau. Wani babban ma'ajin Habasha ya ba da gaskiya tun zamanin manzanni (Ayyukan Manzanni 8). Gaskiya ne baƙi ne 'yan mishan na SIM da suka sauka Damagaram a 1924, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, amma su masu kawo labari ne. Tun 1932 Littafi Mai Tsarki duka yana nan da Hausa, kana iya karanta shi da kanka ka auna.

"Kakannina da suka mutu ba su ji ba fa?" Tambaya ce mai nauyi. Mun bar su a hannun Alƙalin duniya duka, wanda ba ya zaluntar kowa (Farawa 18:25). Shi ya san abin da kowa ya sani. Amma kai, ga shi yau ka ji.

GARGAƊI GA MAI SUNAN KIRISTA

In an haife ka a gidan Kirista, kada ka ce wannan takarda ta waɗansu ce. Sunan Bulus ko Maryamu ba ya ceto, takardar baftisma ma haka. Mutum yana iya zama a ikkilisiya shekara 40, yana waƙa da babbar murya, alhali yana ƙasan rijiya. Yesu ya ce a ranar shari'a zai kori mutane da yawa da suka kira shi Ubangiji da baki kawai (Matiyu 7:21-23). Ceto kyautar Allah ce ga wanda ya tuba ya jingina ransa ga Almasihu (Afisawa 2:8-9).

AKWAI TSADA

Ba za mu ruɗe ka ba. Mai bin Yesu a ƙasarmu ya kan sha ba'a, dangi su kan juya masa baya, wani a hana shi aure ko gado. A watan Janairu na 1915 ba a san bishara a nan ba, amma a watan Janairu na 2015 an ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai. Masu bi kuwa suka ci gaba da sujada, suna roƙa wa waɗanda suka yi ɓarnar gafara. Yesu ya umarce mu mu ƙaunaci maƙwabtanmu, mu girmama iyayenmu, ko sun yarda da mu ko ba su yarda ba. Ka auna da kanka: wace riba mutum ya ci in ya sami yardar gari duka, ya rasa ransa?

ME ZA KA YI?

Hausawa su kan ce, rijiya ta ba da, guga ya hana. Allah ya riga ya bayar, kada zuciyarka ta hana. Ka yarda kai mai zunubi ne. Ka daina dogara ga ƙoƙarinka da layunka. Ka bar Mai Ceto ya riƙe ka. In haka ka ke so, kana iya yin addu'a a inda ka ke, da harshenka:

"Ya Allah, na yi maka zunubi, ba ni da ikon ceton kaina. Na gaskata Yesu Almasihu ya mutu domina, ya kuma tashi. Ka gafarta mini saboda shi. Daga yau na ba shi raina, ka ba ni ƙarfin binsa har ƙarshe. Amin."

In ka yi wannan addu'a da gaskiya, ka nemi wani mai bi ko fasto kusa da kai ka gaya masa. Ka sami Linjila ka fara da Bishara ta hannun Yahaya, sura ɗaya kowace rana. In kuwa har yanzu kana shakka, ka roƙi Allah ya nuna maka gaskiya, gama ba ya korar mai nemansa da zuciya ɗaya. Ba wanda ya san ko zai ga kaka mai zuwa, saboda haka kada ka ɗaga maganar sai gobe.

In ka gama karantawa, ka ba wani.