Inshorar Lafiya da Haƙƙin Maƙwabci a Malam Inna

Akwai tambayar da magidanta sukan yi duk lokacin da aka kawo zancen inshorar lafiya. Mutum zai ce, in na biya kuɗin shekara guda, shekarar ta ƙare ba wanda ya yi ko ciwon kai a gidana, za a mayar mini da kuɗina? Amsa ita ce a'a. Daga nan sai da yawa su kaɗa kai su ce ai wannan asara ce. Tambayar tana bisa hanya, gama kuɗi ba a ƙasa ake tsintarsa ba. Amma tana ɗauke da wata da ta fi ta nauyi: wane haƙƙi ne mara lafiya yake da shi a kan mai lafiya, kuma wane haƙƙi ne mara hali yake da shi a kan mai hali?

Unguwar Malam Inna a garin Gombe wuri ne da ya dace a duba wannan magana. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba 1996 garin yake ta faɗaɗa. Kafa Jami'ar Jihar Gombe a 2004 ya jawo ɗalibai da ma'aikata da masu gina ɗakunan haya zuwa unguwannin da ke kewaye da ita, har da Malam Inna, rikicin Borno da Yobe kuma ya ƙara kawo baƙi cikin gari. A irin wannan unguwa akwai tela da kafinta da mai keke Napep da mai shago da malamar makarantar kuɗi, da yawansu kuwa sun baro danginsu a nesa. A ƙauye, in ciwo ya kama mutum akwai akuyar sayarwa, akwai rumbu, akwai kawu da baffa. A ɗakin haya babu ko ɗaya. Babu kuma albashin gwamnati da za a yanki wani abu daga ciki a kai asusun lafiya. Shawarar shiga inshora ko ƙin shiga tana hannun maigida da uwargida.

Yadda tsarin yake

An kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka fara aiki da ita a 2005, amma shekaru da yawa ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarta. A 2022 aka sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa. Hukumar tana da tsarin GIFSHIP, wanda mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya za su iya shiga da kuɗin aljihunsu. A Jihar Gombe kuwa, dokar 2019 ce ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya da aka sani da GoHealth, wadda take da ƙofa domin ma'aikatan gwamnati, da ƙofa domin masu sana'ar kansu, da ƙofa domin marasa galihu. Ban da waɗannan akwai kamfanonin inshora masu zaman kansu. Duk da haka, fiye da naira 70 cikin kowace naira 100 da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mara lafiya da iyalinsa take fitowa, a ranar da ciwo ya riga ya kwantar da shi.

Ina kuɗin mai lafiya ya tafi?

Mun saba da adashe, inda kowa yake zubawa, kowa kuma yana da ranar kwasarsa. Da wannan ido mutane suke kallon inshora, shi ya sa take yi musu kama da cuta. A inshora wanda ciwo ya kama ne yake kwasa. Mu ɗauki misali: mutum 100 suna zuba naira 1,000 kowane wata, a shekara an tara naira 1,200,000. In biyar daga cikinsu suka buƙaci aikin da ya fi ƙarfin kowannensu, kamar tiyatar haihuwa ko ɗaurin karaya, tukunyar za ta ɗauke su. Sauran 95 ɗin sun kwana shekara guda da sanin cewa da su abin ya faɗa wa, ba za a sayar da keken ɗinki ko a cire yaro daga makaranta ba. Kuɗinsu kuma ya tsaya wa wata mace a ɗakin haihuwa, ko da ba za su taɓa sanin sunanta ba.

Mazauna Malam Inna sun san kwarin da zaizayar ƙasa ta haƙa tsakanin jami'a da unguwarsu. Ba gidan da zai iya tare shi da buhunan yashi a bakin ƙofarsa. Sai da aka yi babban aiki na haɗin gwiwa da tallafin Bankin Duniya. Babban ciwo ma haka yake, ya fi ƙarfin aljihu ɗaya.

A nan wani nauyi yake bayyana. Tukunyar ba ta tsayawa sai da masu lafiya a ciki. In kowa ya jira sai ya ji alamar ciwo sa'an nan ya ruga yankar kati, to masu ɗiba sun fi masu zubawa, ko dai a ƙara kuɗi ko asusun ya ƙone. Dalili ke nan yawancin tsare-tsare suke sa lokacin jira kafin kati ya fara aiki. Saurayi mai ƙarfi da ya ce shi bai san ƙofar asibiti ba, shi ne tsarin ya fi buƙata, kuma wata rana shi ne tsohon da samarin gobe za su ɗauka.

Wasu 'yan'uwa suna jin cewa yankar kati rashin bangaskiya ne, ko kuwa kiran ciwo. Manomin da ya cika rumbu da kaka bai daina dogara ga Allah ba, Yusufu ma da ya tara hatsi a Masar cikin shekarun ƙoshi ba a lasafta masa shi rashin bangaskiya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tallafi amana ne

Kashi na biyu na maganar ya fi wuya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sai a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi. Wani kaso na wannan asusu yakan bi ta hukumomin jihohi irin su GoHealth domin a biya wa marasa ƙarfi kuɗin inshora. Dokar 2022 ta ambaci waɗanda ake nufi: yara 'yan ƙasa da shekara 5, mata masu juna biyu, tsofaffi, naƙasassu da matalauta.

Mukan kira wannan kati na kyauta, amma wani ne ya biya. Kuɗin jama'a ne, kuma guraben suna da iyaka, gama asusun bai kai yawan mabukata ba. Saboda haka duk wanda yake da shago biyu da mota, ya bi ta hannun wani sananne aka sa sunan iyalinsa cikin jerin matalauta, ya sani akwai gwauruwar da ya ture daga layi. Mukan ce ai kuɗin gwamnati ne, kowa ya samu ya ci. Gwamnati ba ta kwanciya a gadon asibiti. Wanda aka cuta shi ne yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kama uwarsa ba ta da kati.

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen. Wasu da suka cancanci tallafin suna ƙin zuwa saboda kunya, suna ganin bara ce. Haƙƙi ne da doka ta ba su, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dattawan ikkilisiya da shugabannin zumuntar mata sun san gidajen da ake kwana da yunwa, ya kamata su raka irin waɗannan iyalai wurin rajista. Wanda kuma aka ɗora wa rubuta sunaye, ko mai unguwa ne ko ma'aikacin lafiya, ya tuna alƙalaminsa yana iya zama tsakanin rai da mutuwa ga wani.

Tsakanin mai hali da matalauci akwai jama'a masu yawa: ba su cika sharaɗin tallafi ba, kuɗin shekara a dunƙule kuma yana yi musu nauyi. Ƙungiyar sana'a ko zumunta za ta iya tara musu kaɗan-kaɗan ta biya gaba ɗaya. Mun iya haɗa gudummawar jana'iza cikin kwana biyu. Rabin wannan himma ya isa ya yankar wa gwauruwa da 'ya'yanta kati tun suna da rai da lafiya.

Kafin a biya

Taimakon juna bai hana buɗe ido ba. Kafin maigida ya zaɓi tsari, ya tambayi waɗanne cututtuka da ayyuka aka ɗauka, waɗanne aka ware. Ya tambayi mutum nawa katin ya rufe; a tsarin ma'aikatan tarayya, alal misali, ma'aikaci ne da abokin aure da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma akan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Ya zaɓi asibitin farko da ke kusa da gida, wanda za a iya kaiwa da tsakar dare, ya kuma san yadda ake tura mara lafiya daga can zuwa Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. Ya nemi sanin ranar da katin zai fara aiki da ranar da zai ƙare, ya biya a ofishin hukuma ko ta hanyar da ta amince da ita, ya ajiye rasit.

Ya kamata kuma mai kati ya san cewa asibitin da ya zaɓa yana karɓar wani kaso a kansa, ko ya je ko bai je ba. Don haka ba alfarma ake yi masa ba. In aka ajiye shi a baya domin ba tsabar kuɗi ya riƙo ba, ko aka ce magani ya ƙare ya je kemis, yana da ikon kai ƙara wurin hukumar. Amanar da muka ɗora wa talaka tana kan asibiti da hukuma ninki biyu, gama kowane mai kati da aka wulaƙanta yakan koma unguwa ya hana mutum goma shiga.

Ƙaunatattu, maƙwabcin ɗakin haya ba ɗan kabilarmu ba ne sau da yawa, wataƙila ba ma addini ɗaya muke ba, amma sauro ɗaya yake cizon 'ya'yanmu, layi ɗaya kuma muke bi a asibiti. Bari kowane gida ya zauna ya yi lissafi cikin gaskiya. Mai ƙarfin biya ya biya tun yana da lafiya, ya bar gurbin tallafi ga mai shi. Wanda ya cancanci tallafi ya je ya karɓa ba tare da sunkuyar da kai ba. Ubangiji ya ba mu lafiya, ya kuma ba mu zuciyar ɗaukar nauyin juna.