Kuba da maƙwabci: wa ke tsaron gida?

Wanda ya ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda, ya gangara unguwar Kirkissoye ta birnin Yamai, zai ga yawancin gidaje da ƙyauren ƙarfe na masu walda, kowane da kuba a jikinsa, wani har da ƙarin kwaɗo. A da, tufaniya da sakatar itace sun ishi gidaje da yawa a ƙasar Hausa da ta Zabarmawa. Wasu dattawa suna ɗaukar wannan canji alamar lalacewar amana, wasu kuwa suna ganin ci gaba ne. Kafin a yanke hukunci tsakaninsu, ya kamata a san abin da kuba take iyawa da inda iyakarta take.

Asirin kubar zamani yana cikin zuciyarta, wato ɗan guntun ƙarfen nan da ake zura makulli a ciki. A cikinsa akwai ƴan ƙusoshi biyar ko shida masu tsawo daban-daban, waɗanda ke hana shi juyawa. Idan makullin gaskiya ya shiga, haƙoransa sukan ɗaga kowace ƙusa daidai gwargwadonta, sai zuciyar ta juya, sakata ta ja baya. Wani Ba'amurke mai suna Linus Yale ƙarami ya yi wa wannan tsari rajista a 1861 da 1865, kuma har yau a kansa ake ƙera yawancin kubobin da ake sayarwa a kasuwar Katako.

Sai dai ba a taɓa ƙera kubar da ta gagari ɗan Adam ba. A Ingila, Joseph Bramah ya ajiye wani kwaɗo a tagar shagonsa na Landan, ya sa lada ga duk wanda ya buɗe shi ba da makulli ba. Kwaɗon ya shekara fiye da 50 yana gagarar mutane, har 1851 da Alfred Hobbs ya buɗe shi bayan aikin awa 51. Saboda haka masana ba sa yi wa kowa alkawarin kubar da ba ta buɗuwa. Lokaci suke aunawa. A Faransa, shaidar inganci ta A2P tana ba kuba tauraro ɗaya idan ta jure wa mai ɓallewa minti 5, biyu idan ta kai minti 10, uku idan ta kai minti 15. Ashe abin da magidanci yake saye da kuɗinsa ƴan mintoci ne da ɗan ƙara.

Waɗannan mintoci ba su da amfani sai da kunnen da zai ji ƙarar da ƙafar da za ta taso. Mutanen Kirkissoye sun san haka fiye da kowa. A 2012, da kuma 2020 lokacin da kogin Isa ya cika ya karya madatsa, ruwa ya shiga unguwannin Harobanda, iyalai da yawa suka koma kwana a makarantu. Gidan da ke tsakiyar unguwar da ta watse, ko kubarsa mai tauraro uku ce, minti 15 ba komai ba ne ga wanda yake da dare sukutum. Shi ya sa barin gida yake yi wa magidanci wuya ko da ruwa ya kai bakin ƙofa: abin da ya rasa a ranar shi ne maƙwabtansa, alhali makullinsa yana aljihunsa.

Wannan bai sa kulle ƙofa ya zama aikin banza ba, bai kuma sa ya zama zargin maƙwabci ba. Kuba magana ce da mai gida yake yi ba da baki ba, cewa nan iyaka ce. Malaman fikihun Malikiyya sun sa sharaɗin hirzi a hukuncin sata, wato sai an ɗauki kaya daga ma'ajinsa na tsaro sannan haddi yake hawa. Dokar ƙasa ma ta fi tsananta wa wanda ya ɓalle ƙofa ko ya shiga da makullin jabu. Haka nan addini ya koyar da cewa tawakkali yana zuwa bayan an ɗaure raƙumi. Wanda ya kulle ƙofarsa ya rage wa mai raunin zuciya jarraba, ya kuma tsare yaran gida da ƴan aiki daga zargin da ke biyo bayan ɓatan kaya.

Don haka akwai haƙƙin da ke kan mai gida. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Zuciyar kubar da ta leƙo waje da ƙyaure tana ba mai ɓarna abin kamawa; kuba mai kyau a jikin ruɓaɓɓen dogari asarar kuɗi ce; wanda ya tare a gidan haya bai canja zuciyar kuba ba, bai san hannu nawa ke riƙe da makullinsa ba. Ajiye makulli ƙarƙashin dutse a bakin ƙofa kuwa, asiri ne da duk unguwa ta sani, kuma da ɗan gari akan ci gari.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne mutum ya dogara ga ƙarfe har ya yanke hulɗa. Wanda ya ɗaga katanga, ya jera fasassun kwalabe a kanta, ba ya zuwa suna, ba ya zuwa jana'iza, ya gina wa ɓarawo wurin aiki cikin natsuwa, domin katangar da ta ɓoye dukiyarsa ita za ta ɓoye mai ɗibarta. Samarin fada da ke shan shayi a bakin titi har tsakar dare, waɗanda ake yawan kira marasa aikin yi, sau da yawa idonsu ya fi kwaɗo uku tsare layi. Gaishe su da sanin sunayensu yana cikin tsaron gida.

Maƙwabci ma yana da nasa haƙƙi, kuma yana da iyaka. Idan ya ji ƙarar ƙarfe da dare ya gyara kwanciya, ya ci amanar da kubar ɗan'uwansa ta dogara a kanta. Idan kuma ya fito, aka kama ɓarawo, taro ya rufe shi da duka har lahira, an tsare talabijin an zubar da jini, kuma wani lokaci jinin marar laifi. Aikin maƙwabta shi ne su tashi, su kama, su miƙa wa ƴan sanda.

Dattawan da ke kukan amana suna da gaskiya, masu sayen kuba mai tsada ma suna da tasu. Magidancin da ya je Katako ya zaɓi kuba mai nauyi ya yi rabin aiki. Sauran rabin yana zauren maƙwabcinsa, inda zai leƙa da safe ya tambayi kwanan iyali, ya kuma sanar da shi ranar da zai yi tafiya.