Gaggawar Jana'iza da Haƙƙin Wanda Bai Cika Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda rai da ajali suke hannunSa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, wani ɗan'uwa mai aiki a gidan likita ya tare mu bayan sallar Juma'a da wata tambaya. Ya ce: «Malam, akan sami mara lafiya wanda zuciyarsa ta tsaya, likitoci su yi ta ƙoƙarin farfaɗo da shi har su gaji, su ce ya cika, a rufa masa zane, sai bayan ƴan mintoci zuciyar ta koma bugawa da kanta, ba wanda ya taɓa shi. Shin wannan mutuwa ya yi ya dawo? In kuwa bai mutu ba, mu da muke gaggawar kai mamatanmu kushewa, ina matsayinmu?» Mun ga tambayar ta shafi kowane gida, shi ya sa muka kawo jawabinta a nan.

Da farko, abin da ɗan'uwan ya faɗa gaskiya ne, ba tatsuniya ba. Likitoci sun fara rubuta labarinsa a mujallunsu a shekarar 1982, kuma a 1993 suka raɗa masa sunan Li'azaru, mutumin da Kirista suke cewa Annabi Isa (AS) ya tayar daga kabari. Wani bincike da aka buga a 2020 ya tattara labarin mutum 65 da abin ya faru gare su bayan an daina farfaɗo da su, 18 daga cikinsu sun warke sarai. Babban dalilin da likitoci suke bayarwa shi ne iska. Idan ana hura wa mara lafiya numfashi da sauri, iskar takan taru cikin huhu ba ta samu ta fita ba, sai ƙirji ya cika ya matse hanyar da jini yake komawa zuciya. Da an ɗauke hannu sai iskar ta fice, jini ya sami hanya, zuciya ta motsa. Wani dalilin kuma shi ne allurar da aka yi masa don tayar da zuciya takan makara a jijiya, sai daga baya ta isa inda aka aike ta. Yawancin waɗannan sukan faru cikin minti 10 na farko, saboda haka masu bincike suke ba da shawarar a ci gaba da lura da mutum aƙalla minti 10 kafin a furta cewa ya rasu.

To, mene ne hukuncin wannan a aƙidarmu? Wanda zuciyarsa ta dawo bai mutu ba. Mutuwa ita ce rabuwar rai da jiki a lokacin da ajali ya cika, kuma Alƙur'ani ya sanar da mu a Suratul Mu'minun cewa wanda mutuwa ta zo masa zai roƙi a mayar da shi duniya, amma ba za a amsa masa ba. A Suratuz Zumar kuma an bayyana mana cewa Allah Yana riƙe ran da Ya hukunta wa mutuwa, Ya saki wanda lokacinsa bai yi ba. Tayar da matattu da Annabi Isa (AS) ya yi mu'ujiza ce da izinin Allah, ba a auna ta da abin da yake faruwa a gadon asibiti. Saboda haka sunan da likitoci suka zaɓa aro ne kawai. Ajali bai yi kuskure ba, mu ne muka yi kuskuren karanta alama. Ba mu ganin rai lokacin da yake fita, alamunsa kaɗai muke gani, kuma alama tana iya ruɗin likita mai na'ura, balle mu da ba mu da komai sai tafin hannu da kunne.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a wurin malamanmu. Malaman tarihi, irin su Ibnu Khallikan, sun kawo labarin Ya'aƙubu Almajishun, ɗaya daga cikin malaman Madina na farko, wanda aka ɗora bisa gadon wanka ana zaton ya rasu, sai mai wanka ya ga wata jijiya tana motsi a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya janye hannunsa, aka sallami mutanen da suka taru don salla. Bayan kwana 3 sai malamin ya tashi zaune ya nemi abin sha. Idon mai wanka ɗaya da tsoron Allahnsa su ne suka tsaya tsakanin wannan bawa da kabari.

A fiƙihunmu na Malikiyya ma an yi tanadi. Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya ambaci gaggauta shirya mamaci cikin abubuwan da ake so, sa'an nan ya togace wanda ruwa ya ci. Masu sharhi suka haɗa da wanda tsawa ta faɗa wa, da wanda gini ya rufta wa, da wanda ya faɗi farat ɗaya. Ibnu Rushdi, wanda ya rasu a 1198, alƙali ne kuma likita, ya kawo a Bidayatul Mujtahid cewa likitocin zamaninsa suna ganin kada a binne wanda ya yi dogon suma sai bayan kwana 3. A zamaninmu kuma, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Amman a 1986 ba ta wadatu da tsayawar zuciya da numfashi kaɗai ba, sai ta ƙara sharaɗin likitoci su tabbatar cewa tsayawar ba mai dawowa ba ce.

Mai yiwuwa wani ya ce: ai Manzon Allah (SAW) ya umurce mu da gaggauta jana'iza, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, ga kuma zafin ƙasarmu wanda ba ya barin gawa ta daɗe, ga iyali cikin kuka suna jiran a sauƙaƙa masu. Wannan magana tana da nauyi, ba mu raina ta. Amma umurnin ya hau kan mamaci ne, kuma mutum ba ya zama mamaci sai mutuwarsa ta tabbata. Ƙa'idar malamai ita ce, abin da aka sakankance da shi ba ya gushewa saboda shakka. Mun sakankance wannan bawa yana da rai da safe, to ba za mu fitar da shi daga cikin rayayyu da zato ba. Mu auna kuskuren biyu: in mun jinkirta wa mamaci sa'a guda ko biyu, ba mu rage shi da komai ba. In kuwa muka gaggauta wa mai rai, mun kashe ran da Allah Ya haramta, da hannunmu, muna kabbara, kuma ba mai dawowa ya ba mu labari. A shekarar 2023, a garin Babahoyo na ƙasar Ekwado, wata tsohuwa mai shekara 76 da asibiti ya ce ta rasu ta ƙwanƙwasa akwatin gawa tana ciki, ƴan'uwanta suna zaman makoki. Ta ƙara mako guda a duniya kafin ajalinta na gaskiya ya zo. Da a wurinmu ne, da tuni an watse daga maƙabarta.

Ba muna kira a riƙa ajiye gawa kwana da kwanaki ba ne. Abin da muke kira gare shi kaɗan ne, kuma kowa yana iyawa. In akwai likita ko ma'aikacin lafiya kusa, a kira shi ya duba kafin a aika sanarwa, kuma kada dangi su matsa masa lamba ya sa hannu da sauri don ana son a sami sallar azahar. In babu, to a jira alamun da malamai suka lissafa, kamar sakin ƙafafu, da karkacewar hanci, da faɗawar gefen goshi, a haɗa da sandarewar jiki, wadda takan fara daga muƙamuƙi da wuya bayan ƴan sa'o'i. Kafin nan kada a toshe hanci da auduga, kada a ɗaure fuska, kada a kulle shi a ɗaki shi kaɗai. Haƙa kabari da ɗinkin likkafani suna cin lokaci, to a zaunar da mutum natsattse kusa da shi cikin wannan lokacin, yana duban ƙirji da wuya. A ƙara taka tsantsan ga wanda aka tsamo daga rijiya ko tabki, da wanda tsawa ko wutar lantarki ta buge, da wanda maciji ya sara, da mai ciwon sukari ko farfaɗiya, da mace mai zubar jini bayan haihuwa, da jariri sabon haihuwa. Waɗannan numfashinsu yakan yi rauni har ya ɓuya alhali rai yana nan.

Muna kira ga masu wankan gawa, maza da mata, domin ku ne ido na ƙarshe. In kun ji ɗumin da ba ku gane ba, ko kun ga motsi kome ƙanƙantarsa, ku tsaya ku faɗa, ko da liman ya riga ya iso, ko da sahu ya miƙe. Kunyar sallamar jama'a ta yini ɗaya ce, tambayar ran mumini kuwa tana jira a gaban Allah. Mu limamai ma kada mu riƙa aikawa ciki muna cewa a yi sauri rana tana yi.

Saura haƙƙin wanda ya farfaɗo. A wasu wurare akan guje shi, a ce fatalwa ce, ko maye, ko aljani ne ya shiga gawa. Wannan jahilci ne kuma zalunci ne. Shi mara lafiya ne da yake buƙatar a garzaya da shi asibiti nan take, domin da yawa daga cikinsu zuciyar takan sake tsayawa. Aurensa yana nan, matarsa ba ta shiga takaba ba, dukiyarsa tasa ce ba a raba gadonta, kuma in ya rasu daga baya, daga ranar ce ake fara lissafi. Kada kuma a mai da shi waliyyi ana tambayarsa labarin lahira, domin bai je ba.

Allah Ya sa mu cika da imani, Ya tsare hannuwanmu daga haƙƙin rai, Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.