Tukuici Ne Ko Toshiyar Baki?

Jama'a, yaron da galahanga ta ɗaure wa harshe, in ya ce "ruwa" aka miƙa masa alewa nan take, koyarwa ce ko toshiyar baki?

A 1987 Ivar Lovaas na Jami'ar Kalifoniya ya wallafa sakamakon koyar da irin yaran nan da tukuici. Dalilinsa shi ne, abin da aka saka wa yaro a kansa ba jinkiri, shi yake maimaitawa. Toshiya domin karkatar da gaskiya ake ba da ita. Wannan kuwa sakayyar ƙoƙari ce.

Sai dai in alewa ta zama manufa, ran da ta ƙare magana ta tsaya. Don haka masana ke janye ta sannu a hankali, yabo ya maye gurbinta. Ni a ganina, wanda ya ce "ruwa", ruwan ya kamata a ba shi.